Juyin Talal

Mukhtaru ya daɗe yana koyar da judo, kokawar nan ta Japanawa, a wani ɗaki da ya kama haya a saman shagon kayan gini a unguwar Rusaifa. Duk wanda ya horar, da juyinsa ake gane shi: a kan yatsun ƙafar dama yake murɗawa, ya ba abokin karawa baya, ya ɗauke shi a kwankwaso.

Da aka dawo hutun Hajji sai ya lura Talal, ɗan ƙanwarsa da yake shiryawa gasar Jidda, ya canja. Da hagu yake juyawa yanzu, yana jan dama a ƙasa. Mukhtaru ya san mai wannan salon. Rakan ne, tsohon ɗalibinsa da ya buɗe nasa wurin a unguwar Kudai, ya kwashe masa mutane.

Sai Mukhtaru ya sa ido. Talal ya daina sauya kaya a gaban jama'a, in wayarsa ta yi ƙara kuma sai ya fice waje. Wata rana bayan la'asar Mukhtaru ya sallami kowa, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Wa ya koya maka juyin nan?"

"Ba kowa, Kawu."

"To, tayyib. Juya da dama in gani."

Talal ya kama rigar kawun nasa ya murɗa. Bai kai rabi ba ya zube. Da Mukhtaru ya ɗage masa wando sai ga gwiwa ta kumbura suntum, naɗe da bandeji.

"A Arfa ne, Kawu. Na faɗo daga motar ruwa muna sauke kaya. Na san in ka gani za ka cire ni daga gasar. Rakan ne ya nuna min yadda zan juya ban ɗora mata nauyi ba."

"Shi ya ce ka ɓoye min?"

"Wallahi cewa ya yi in gaya maka."

Mukhtaru bai ƙaryata shi ba, amma maganar ba ta kwanta masa ba. Ya kai shi asibiti, likita ya ce jijiya ta yage, sai an yi aiki. Zancen gasa ya wuce ke nan.

Bayan aikin Rakan ya zo dubiya da ledar lemo. Suka gaisa da Mukhtaru sama-sama. Mukhtaru na da aji a lokacin, amma ya ja kujera ya zauna a gefen gadon, bai tashi ba sai da baƙon ya tafi.