Jirgin Yuni, Jirgin Disamba

Ranar da likita ya faɗi maganar, a gabansu su biyu ya faɗe ta, ba ko sakayawa. Kun dai san likitocin ƙasar nan, sai su dubi tsabar idon mutum su yanka masa kwana. Ciwon daji ne a hanta, in ji shi, kuma ya riga ya yi nisa: wata huɗu, in an yi sa'a shida. Farkon Oktoban 1998 ke nan. Shi mai ciwon, Malam Lauwali, mijin Hafiza, ya gyara zaman hularsa, ya yi wa likita godiya har da tambayar iyali. Sai da suka shiga mota ya ce, "Likita ba Allah ba ne." Ta ce, "Haka ne, Malam." Daga nan aka rufe maganar, aka ɗora mata dutse.

To, mu haka muke. Ko rai ya zo wa mutum wuya, in ka ce masa "Yaya jiki?" zai ce maka "Da sauƙi." Wanda ke jinya ma haka zai ce. Ba ƙarya ba ce a wurinmu, ladabi ne ga Ubangiji. Hafiza ta faɗi "da sauƙi" a waya, ta faɗa a bakin masallaci, ta faɗa a shagon sayen nama, har bakinta ya riƙa faɗa ba tare da ya shawarce ta ba. Kullum kuma tana kallon wandon mijinta yana ƙara yi masa yawa.

Abu guda Malam Lauwali ke so kafin ya bar duniya, kuma duk Bahaushen da ke birnin Greensboro ya san shi, don ba a raba zama da shi bai kawo zancen ba. Yana aji huɗu a firamaren Gumel malaminsu ya ce akwai ƙasar da rana ke wuni ta kwana ba ta faɗi ba. Ya rugo gida ya gaya wa mahaifinsa, tsohon ya ɗauke shi da mari, wai a makarantar boko har ƙarya ake koya wa yara a kan halittar Allah. Marin nan ne ya mai da shi malamin labarin ƙasa. Shekara goma sha bakwai yana koyar da 'ya'yan Turawa labarin duwatsun ƙanƙara a jami'a, alhali iyakar ƙanƙarar da ya taɓa gani ita ce 'yar wadda ke zuba a unguwarsu ta Glenwood sau ɗaya ko biyu a shekara, ta narke kafin la'asar.

Saboda haka Hafiza ta ɗauki mota ta nufi High Point Road, ofishin wani dillalin tafiye-tafiye da ake kira Mista Eli. Ofishin yana saman bene, a kan wani shagon shinkafa da man ja. Ba lif, sai doguwar matakala ta ƙarfe a gefen gini, shi ya sa ta zo ita kaɗai. Mista Eli, dattijo mai sanƙo da tabarau a kan hanci, ya shimfiɗa mata takardu masu hotuna a tebur, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ƙarshen duniya biyu ne. Na Arewa, can saman ƙasar Norwe, jiragen ruwa ba sa shiga sai Yuni. Na Kudu, Antaktika, lokacinsa Disamba ne, daga Ajantina ake tashi. Kuma jirage biyu yake da su masu zuwa Kudu: wani babba mai lif da ɗakin likita, da wani ƙarami na Rashawa, tsohon jirgin bincike, wanda ko'ina a cikinsa hawa ne da sauka.

Hafiza ta ƙirga watanni da yatsunta a ƙarƙashin tebur. Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu. In an yi sa'a, Afrilu. Ta sake ƙirgawa, wai ko yatsun sun yi kuskure. Yuni bai shigo ba.

"Babban jirgin nake so," in ji ta. "Na Disamba."

Ya ce ɗaki biyu suka rage. Zai riƙe mata ɗaya har kwana goma, amma sai mai tafiya ya sa hannu da kansa.

Ta dawo gida da murnarta, ta baje takardun a teburin cin abinci. Malam ya sa tabarau, fuskarsa ta yi haske irin wanda rabonta da ganinsa tun kafin ciwon. Ya shafa hoton wani dutsen ƙanƙara mai ruwan shuɗi, ya yi ta gaya mata shekarunsa. Sannan ya ture takardun Kudu gefe, ya jawo na Arewa.

"Wannan za mu hau, in sha Allahu. Yuni."

"Malam, ai na Disamba ya fi kusa."

"Ina muke sauri? Kafin Yuni na ƙara samun ƙarfi."

Wayyo Allah! Me za ta ce? Ta buɗe baki ta ce wa mijinta ba zai ga Yuni ba? Wace mace ce za ta faɗi haka ta kwana lafiya da kanta? Sai ta bi ta bayan gida. Ta ce Kudu akwai tsuntsayen nan masu tafiya a tsaye kamar dattawa, ita su take son gani. Ya ce a talabijin ma ana nuna su. Ta ce babban jirgin yana da lif. Ya ce shi ba gurgu ba ne. Washegari ta ce ta yi mafarki da Disamba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce tun yaushe ta koma mai duba? Da ya ga ta nace, sai ya kawo hujjar da ya san za ta ɗaure ta: bana azumi zai kama a ƙarshen Disamba.

"Ki gaya mini, a ƙasar da rana ba ta faɗuwa, da me mutum zai sha ruwa?"

"Kai da likita ya hana ka azumi? Ga ciwo ga tafiya, uzuri biyu Allah Ya ba ka!"

"Tun ina shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ba, Hafiza. Ba zan fara a cikin jirgin shaƙatawa ba."

Kwana shida suka tafi a haka. Ranar Lahadi Alhaji Sanda ya zo dubiya daga unguwar Sedgefield, tsohon abokin Malam ne, mai sayar da motoci. Hafiza ta tare shi tun daga baranda, ta roƙe shi don Allah don Annabi ya sa baki. Ya gane abin da take nufi sarai, don ta ga idonsa ya cicciko. Amma da ya shiga ya zauna, ya ce "Yaya jikin?" Malam ya ce "Da sauƙi," sai ga Alhaji Sanda yana cewa, "Alhamdu lillahi, wallahi ka ma fi kyan gani yau. Yuni ai kamar gobe ne, har filin jirgi zan kai ku." Hafiza na tsaye da tire a hannu, ji take kamar ta kifa masa shayin a kan babbar rigarsa. Da za ta raka shi mota ya kasa kallonta, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Bakina ba zai iya ba."

Kwana goma suka cika ranar Alhamis. Da hantsi ta kira Mista Eli ta roƙi ƙarin kwana uku, ya ce zai gwada. Ranar Litinin shi ya kira da kansa. Ɗakin ya tafi, ɗayan ma ya tafi, babban jirgi ya cika maƙil. Saura ƙaramin na Rashawa, ɗaki ɗaya tak, kuma ba zai iya riƙe shi ya wuce ƙarfe biyar na yau ba. Sannan ya ce gara ya gaya mata gaskiya: a jirgin nan daga ɗakin kwana zuwa inda ake tsayawa a ga rana, matakala ce mai tsayi, kusan irin ta ofishinsa. Dole mai tafiya ya iya hawa da ƙafarsa, ko da riƙe shi ake yi. In ba zai iya ba, kada ma su wahalar da kansu.

Ta ajiye waya ta tsaya a kicin. Haushi ne ya cika ta, na kanta, na Alhaji Sanda, na duk wanda ya taɓa cewa "da sauƙi" a gidan nan. Kunya da kawaici sun cinye musu jirgi mai lif suna ji suna gani. Ta leƙa falo. Malam na kishingiɗe da takardar Arewa a ƙirji, hasken taga ya faɗo a kan fuskarsa, fararen idanunsa sun koma rawaya.

Ta zo ta durƙusa a gabansa kamar sabuwar amarya.

"Malam, ka yafe mini abin da zan faɗa."

"To kada ki faɗa."

"Sai na faɗa. Tare muka ji abin da likita ya ce. Ƙirga da kanka, kai ne mai ilimi. Yuni ba ya ciki."

Ya cire tabarau a hankali.

"Kin yanka mini kwana ke nan, Hafiza?"

"Allah Ya tsare ni! Rai na hannun Allah, in Ya so ka binne ni ka binne likitan. Amma ni tsoro nake ji. Tsoro nake ji ka tafi ba ka ga ranar nan ba, in zauna da takardun nan a gida ina kallonsu har ƙarshen rayuwata. Babban jirgi ya wuce mu saboda na kasa buɗe baki. Saura ƙaramin, kuma yau ƙarfe biyar shi ma zai wuce." Kuka ya ci ƙarfinta, ta ƙarasa zancen matakalar da ƙyar.

Bai rarrashe ta ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon takardar Arewa, sannan ya ninke ta biyu, ya ajiye a ƙasa.

"Matakala nawa ce a ofishin mutumin?"

"Goma sha tara. Na ƙirga."

"Miƙo mini hulata."

Ƙarfe huɗu saura suka isa High Point Road. Iska na kaɗa busassun ganye a wurin ajiye motoci, ƙamshin busasshen kifi na fitowa daga shagon ƙasa. Malam Lauwali ya tsaya a gindin matakalar ya ɗaga kai ya dube ta. Hafiza ta miƙa hannu, ya girgiza kai. Ya yi bisimilla, ya kama ƙarfen gefe, ya fara hawa, tana biye da shi taki ɗaya a baya, tana ƙirgawa a zuci.

Biyar na farko ya haye su har da ɗan taƙama. A ta bakwai ya tsaya ya ce yana kallon gari ne. A ta tara numfashinsa ya fara fita da sauti, zufa ta jiƙa bayan rigarsa duk da sanyin Oktoba. Ya ja ƙafa ya ɗora a ta goma, ya ja ya ɗora a ta goma sha ɗaya, nan gwiwoyinsa suka soma rawa, wandon na karkarwa a jikinsu. Ya rungume ƙarfen da hannu biyu. Sama Mista Eli ya buɗe ƙofa ya leƙo, ya gan su, ya koma ciki ya bar ƙofar a buɗe.

"Na san Yuni ba nawa ba ne," in ji Malam, bai juyo ba, kalmomin na fita ɗaya-ɗaya. "Tun a mota, ranar da muka baro wurin likita, na ƙirga. Gani na yi in na ce Disamba, kamar na gaya miki ne da bakina ki fara shirin takaba. Ban so ki ji daga gare ni ba."

Sai bakin nan na Hafiza da ya saba ya yi abin da ya saba.

"Sannu, Malam. Yaya jikin?"

Ya juyo da fuskarsa, hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunsa. Shekara ashirin da shida suna tare, ba ta taɓa ganin haka ba.

"Babu sauƙi, Hafiza," in ji shi. "Wallahi babu sauƙi. Kama ni."

Ta hau ta tsaya a matakalarsa, ta cusa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, ta ji yadda ya koma ba nauyi. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar da ke buɗe.

"Saura takwas," ta ce. "Ɗaga ta dama."