Kilif Biyu a Aljihun Riga

Ƙarfe tara saura na safe mai ɗakina ta dire mini wasu ƙananan ƙarafa biyu kusa da kofin shayi. Ta ce a aljihun rigar aikina ta tsince su za ta yi wanki, kuma in ban daina tara mata tarkacen gareji a aljihu ba, ni zan koma wanke kayana. Na buɗe baki zan rama, sai idona ya sauka a kansu. Kilif ne guda biyu, irin waɗanda ke kama tiyo su manne shi a jikin mota. Nan take shayin ya fita daga raina.

Ni rewaya ne, shekara ashirin da biyu ina wayarin mota, kuma kaf layin garejinmu an san ba a dawo mini da aiki. Da bakina nake faɗin haka, ba na jira a yabe ni. Jiya da yamma mijin ƙanwata Auta, wanda nake kira Ɗan Gayu, ya kawo motarsa da kwali a hammata. Wai mitocin da kamfani ya sa a dashbod sun tsufa, allurar mai tana rawa, ta zafi kuma ta mutu. Ya sayo sababbi uku masu shuɗiyar wuta, ta mai, ta zafi, da ta baƙin mai. Mutumin nan ko taya bai iya canzawa ba, amma in yana bayanin mota sai ka rantse shi ya ƙera ta. Na yi masa tsiya son raina, yana dariya yana cewa "Yaya ke nan," sannan na karɓi aikin saboda Auta.

Biyu ba su ba ni wahala ba. Ta baƙin man ce mai rigima, don ita ba da waya take aiki ba. Wani siririn tiyo na roba ne ke ɗauko man daga jikin inji ya kawo shi har bayan mitar, ƙarfin man ke tura allura. Kafin in ɗaura shi sai da na kwance abin da ke kunna jar fitilar gargaɗi ta kamfani, don rami ɗaya suke shiga. Hanyar tiyon kuwa ta gefen wuyan salansa take, wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin bonet. Na ɗage shi sama na naɗe da baƙin salatif na wucin gadi, na jefa kilif ɗin a aljihu, da niyyar in na gama haɗa wuta in dawo in ɗaure shi nesa da zafin.

Ina da wata ƙa'ida a wurin aiki. Duk ƙaramin abin da ya zo a kwali, cikin wani tsohon faranti nake zuba shi, in faranti ya koma wayam, aiki ya ƙare. Farantin nake dubawa, ba motar ba. Jiya na duba na gan shi wayam, na buga bonet na rufe, na tsaya ina hura hanci Ɗan Gayu yana ta ɗaukar hoton shuɗiyar wutarsa.

Yau kuma tun ƙarfe bakwai suka kama hanya, shi da Auta da 'ya'yansu mata biyu, za su gaida mahaifiyarsa. Tafiyar awa huɗu ce, kuma bayan awa biyu hanyar take fara hawa. Salatif ba ya jure zafi. Zai yi laushi ya saki, tiyo ya sauko ya kwanta a kan salansa, robar ta narke, baƙin mai ya yi feshi a kan jan ƙarfe. Na taɓa ganin motar da hakan ya same ta. Kafin mai ita ya ciro jakarsa daga baya, wuta ta kai kujerar gaba.

Na kira Ɗan Gayu, wayarsa a kashe. Ni da kaina na koya masa kashe waya in zai yi doguwar tafiya, ranar ce kaɗai ya taɓa jin maganata. Na kira Auta, tana ta ringi ba a ɗauka. Na sake kira, na sake. Don gaggawa har na danna lambar mai faci sau biyu.

"Baban yara, lafiya?" in ji mai ɗakina. "Wa ya rasu?"

"Kira mini Auta da wayarki. Kada ki daina."

Ba ta sake tambaya ba. Muka tsaya a ƙofar ɗaki kowa da waya a kunne, ruwan wanki yana ta malala daga bokiti ba wanda ya kula. Ina kallon agogon bango, tara da minti goma. Yanzu suna gindin hawan, inji zai fara aiki da ƙarfi. Tsoro ne tsagwaronsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe sukundireba.

A kira na goma sha ɗaya aka ɗauka.

"Yaya, ina kwana? Wayar tana cikin jaka ne, ban..."

"Auta, ce masa ya tsaya. Yanzu. Ya kashe motar."

Na ji tana maimaita masa, na ji rediyo, na ji yaran suna gardama a baya. Sai muryarsa ta shigo, ta sa wayar a lasifika.

"Yaya ke nan! Wallahi aikin nan ya yi. Allura tana tsaye cak a tsakiya, ko motsi ba ta yi."

"Ka gangara gefe ka kashe ta."

"Haba Yaya, a tsakiyar hawa? Ga tirela a bayana. Bari mu kai sama, minti ashirin ne."

"Ba ka da minti ashirin."

"Mita fa ta ce lafiya lau. Kai da kanka ka ce wannan ba ta ƙarya."

Ni na faɗa masa haka jiya, ina cika baki. Kuma gaskiya ce, ba ta ƙarya. Allurar nan za ta ci gaba da nuna lafiya har zuwa lokacin da tiyon zai fashe, jar fitilar da za ta yi gargaɗi kuma ni na kashe ta. Na so in ce kayan da ya sayo ne jabu, maganar har ta zo bakina, don na san zai yarda. Amma zai tsaya yana kare kayansa, yana kawo mini sunan shago da farashi, mota kuma tana ta hawa.

"Saurara," na ce. "Ni na yi kuskure. Ban gama aikin ba. Tiyon baƙin mai da salatif kawai na riƙe shi a saman salansa, na manta ban ɗaure ba. In ya taɓa, motar za ta kama da wuta da 'ya'yanka a ciki. Don Allah ka tsaya."

Sai layin ya yanke.

Na kira, ba ta shiga. Wurin hawan nan ba sabis, na sani, amma sanin bai amfane ni da komai ba. Na zauna a ƙasa a cikin ruwan wankin. Mai ɗakina tana ta addu'a a hankali, ni ko addu'ar ta ƙi haɗuwa a bakina. Minti bakwai muka yi a haka, na ƙirga su a agogo.

Sai wayar ta yi ƙara. Auta ce. Sun tsaya, ta fito da yaran, ta hau wani tudu ta sami sabis. Ta ce akwai ƙaurin roba.

Na ari babur ɗin maƙwabcina, na biya gareji na ɗauki kayan aiki, ban san yadda na ci hanyar nan ba. Na same su wajen sha ɗaya da rabi. Motar tana gefen titi, Auta da yaran suna can nesa ƙarƙashin wata bishiya, Ɗan Gayu yana zaune a kan dutse. Ya miƙe ya gaishe ni kamar kullum, har da ɗan rusunawa, sai dai bai yi dariya ba. Na ɗaga bonet. Salatif ɗin ya saki yana reto. Tiyon ya sauko, tsakaninsa da salansa bai kai faɗin yatsa ba, gefensa ya kumbura ya yi ruwan ƙasa, ɗigon mai yana tsattsafowa. Ɗan Gayu ya leƙa ya gani, ya juya ya koma kan dutsensa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na cire tiyon gaba ɗaya, na mayar da abin fitilar kamfani da na zo da shi, na tayar da inji, jar wutar ta kama ta mutu yadda ya kamata. Na duba sau uku, na kwanta a ƙasa na sake dubawa. Sannan na goge hannu na nufi bishiyar.

"Ku zo ku shiga, Auta. Yanzu ba abin da zai same ta."

Ta dube ni, ta dubi motar. Yarinyar nan ni na goye ta, ni na kai ta makaranta ranar farko, ba ta taɓa musa mini magana ba ko sau ɗaya. Ta jawo yaran jikinta.

"Yaya, kada ranka ya ɓaci," ta ce a hankali. "Shi ya taho da motar. Ni da yara za mu jira bas."

Na ɗauko mata jakar kayanta daga cikin but, na tsaya a bakin titi ina ɗaga wa motoci hannu har aka sami mai wurin mutum uku.