Ranar da Mijina Ya Ce Mini Baƙuwa

Ni ban yi karatu ba, kuma ban iya kwana-kwana ba. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, wanda ya ji zafi ya je ya sha ruwa.

Wanki nake yi a ƙasar Masu Dogon Kunne. Wanda bai taɓa zuwa ba, bari in gaya masa: garinsu a kan itatuwa yake, kuma gindin itace ɗaya sai ka gaji ba ka gama zagaya shi ba. Su suna can sama, ɗakunansu a cikin rassa, da gadojin igiya daga wannan gida zuwa wancan. Mu muna ƙasa tsakanin saiwoyi, inda ruwan sabulu yake gangarewa. Su zuro mana kaya a kwando, mu wanke mu goge, su janye abinsu. 'Yan gajeren kwana suke ce mana, ba kuma da niyyar zagi ba. Su ba sa tsufa. Mutuwa takan zo musu, amma sai ta yi ta jan ƙafa. Ba su ma da shekara a bakinsu, komai da itace suke auna shi: sai an yi fure, sai an yi inuwa, sai reshe ya kai taga.

A cikinsu na yi aure. Shi maigidan ba ya zuro kwando, da ƙafarsa yake saukowa. Riga ɗaya ya yi ta kawo mini, fes da ita, ba ko ɗigon datti, har na ce masa, "Kai, in wanki ka zo nema, ka je ka yi birgima tukuna. In kuma ni ka zo nema, ka buɗe baki." Kunnuwansa suka yi ja suka kwanta. Haka suke in sun ji kunya, ba sa iya ɓoyewa, kowa sai ya gani.

Ranar auren, surukata ta kama hannuna ta kai ni gindin itacen gidansu. Ta nuna mini wani lungu tsakanin saiwa biyu, ta kafa turke, ta ce, "Nan ne naki." A wurinsu duk ɗan gida a ƙarƙashin itacen gida ake kwantar da shi, kusa da danginsa. Baƙo kuwa bayan ganuwa ake fitar da shi, wani fili mai duwatsu inda ake zubar da tokar gari, ko inuwar tsinke babu. Na sha raka gawar maƙwabta can. Na san wurin.

Ina da ciki aka kira maigidan gadin iyaka. Ya ce, "Ba jimawa zan yi ba. Da itacen da zan dasa ya yi inuwa za a canje ni." Na ɗauka zancen damina ɗaya ko biyu ne. Na haihu, na yaye, na aurar da yarinyar, na goya 'ya'yanta. Haƙorana suka zube, bayana ya lanƙwashe a kan dutsen wanki. Daga baya na ji wai ya aiko mini da gaisuwa sau ɗaya, ta hannun wani ɗan uwansa. Har yau ɗan aiken bai iso ba.

Wata rana da hantsi maigidan ya dawo, layin wanki cike da mutane. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince maɓallai, 'yata tana shanya. Jininsu ya fi ƙarfi a jikinta, in ka gan ta sai ka ce ni ce ranar aurena. Na ɗaga kai na hango shi: yadda ya tafi haka ya dawo, ko gashi ɗaya bai canja ba. Ya nufi yarinyar yana murmushi, ita kuma ta ja da baya, don ba ta san shi ba. Sai ya juyo zai shiga ɗaki, ya tarar da ni a hanya. Ya ɗan rusuna, cikin ladabi wallahi, ya ce, "Sannu, baƙuwa. Ɗan matsa in shiga gidana."

Maƙwabciyata mai sabulu, wadda tun muna 'yan mata muke tare, ta saki kwano. 'Yata ta dube shi, ta dubi kunnuwansa, ta gane, ta ce, "Baba, Inna ce fa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe bakina don kada ya ga wawulona, ni da ban taɓa rufe baki don kowa ba. Ya tsaya yana kallona, yana neman matarsa a fuskata, kuma na ga lokacin da ya same ta. Gara ma da bai samu ba. Kunnuwansa suka zube har kafaɗa. Na tashi na shige ɗaki na danna ƙofa.

Da a nan ta tsaya, da na haɗiye. Amma a wurinsu magana ba ta komawa baki. Ba sa ƙarya, shi ya sa duk abin da ɗayansu ya faɗa a gaban jama'a ya zauna ke nan, ya zama gaskiya. Washegari surukata ta sauko da kanta. In ka gan mu tare za ka rantse jikata ce, amma suruka suruka ce. Na durƙusa in gaishe ta, gwiwoyina suna ƙara kamar ana karya itace.

"Tashi, 'yata," ta ce. Sai ta toshe bakinta, don yanzu ba ta da ikon ce mini haka. Ta ajiye turken nan a gabana, da ƙasa a jikinsa. "Ɗana ya ce baƙuwa, mutane sun ji. Dattawa sun cire."

"Inna, shekarun da na yi ina wanke zannuwanku fa? 'Yar da na haifa muku fa?"

"Ita tamu ce. Ke kuma..."

Na ce sai na kai ƙara. Ɗakin shari'arsu yana can ƙololuwa, matakalar igiya ce, ni kuma ko dakali da ƙyar nake hawa. A kwandon wanki aka ja ni. Ina zaune a ciki kamar ƙullin tsumma, ina lilo, mutanen sama suna leƙowa ta tagogi, 'yan layinmu suna ɗaga kai. Mai sabulu tana ihu daga ƙasa, "Ƙawata, ki ce musu kada su sa miki bula, kin yi fari haka nan!" Aka yi dariya. Ban ga laifinta ba, so take ta sauƙaƙa mini. Amma na rufe fuska na yi kuka a kwandon nan, ba wanda ya gani.

Alƙalinsu Mai Sauraro ake ce masa. Ɗakin ba kujera, ba tebur, tabarmi ne da tukwanen shuka jere a jikin bango, kowace da ɗan itace a ciki, wani ya kai gwiwa, wani ya kusa rufi. Maigidan yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko da yake ban ga abin da ya rage masa na daɗewa ba. Na zo a mayar mini da turkena inda aka cire shi."

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Wannan kam sun iya. Sai ya miƙo mini wani ƙwallo kamar na dabino, da tukunya. Ya ce, "Ki shuka. Ranar da ya yi 'ya'ya za mu zauna. Ba ma yanke hukunci a kan zuciya mai zafi."

"Yaushe yake 'ya'ya?"

Ya nuna mini wanda ya kusa taɓa rufi. "Wancan ya kusa. Rigimar gada ce, an shuka shi lokacin da ake gina ganuwa."

Ganuwar nan kakata ta tarar da ita a tsaye.

A nan ne kaina ya kwance. Na fizge ɗankwalina na jefar, furfurar nan ta watsu. Na wangale bakina na nuna masa. Na nannaɗe hannun riga na miƙa masa fatar da ta saki kamar tsohon buhu. Na ce, "Duba! Duba da kyau, don na ga alama ba ku taɓa dubawa ba. Kuna zuro kwando, hannu yana karɓa, ba ku taɓa tambayar ko hannun jiya ne ba. Matan da suka wanke rigar nan da ke jikinka duk suna bayan ganuwa a cikin toka. Wannan jikin ne zai jira itace ya yi 'ya'ya? Kai da itacen naka ku zauna, ni ina da tafiya."

Tsohuwa kamata, kai ba ɗankwali, a gaban surukai. Har yanzu in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi. Amma da na duba ɗakin, ba kunne ɗaya da ke tsaye. Har na Mai Sauraro.

Ya daɗe bai ce komai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, shirun nan ma daga kwanana ake cirewa."

Sai ya ce akwai wata hanya, tsohuwa, wadda ba mai son bi. Wanda ya yi maganar zai iya binne ta da wata, in ya yarda ya sauka ƙasa ya zauna, ya riƙa tsayawa kowace safiya a daidai inda ya faɗi ta farko, ya faɗi sabuwar da ƙarfi, har sai duk kunnen da ya ji waccan ya ji wannan. A wurinsu babu wulaƙancin da ya kai mutum ya ɗaga murya yana ƙaryata bakinsa.

Maigidan ya ce, "Na yarda." Maganarsa ta farko ke nan tun ranar.

To, ga abin da na jawo wa kaina. Kowace safiya, ana fara ɗiban ruwa, sai saurayin nan kyakkyawa ya tsaya a ƙofata, kunnuwa a zube, ya nuna ni, ya ɗaga murya: "Wannan matata ce! Ba baƙuwa ba ce, matata ce!" Dole kuma in fito in zauna, don sai an ga wadda ake nunawa. Masu wucewa su tsaya. Wani mai kayan gwari ya tambaye shi ko an yi masa asiri ne. Mai sabulu kuwa ta samu abin yi: "Amarya, an tashi lafiya? Ango ya yi kiran safe." In ce, "Ke dai naki angon ƙasa ta cinye, bar ni da nawa."

Wata safiya bayan an watse, ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Ban sani ba. An gaya mini kuna tsufa, amma na ɗauka abu ne da ake jira a yi tare."

"Da ka tambaya."

"Da na tambaya."

Ya ɗauki guga ya tafi ɗebo mini ruwa. Bai iya wanki ba, yana yayyaga wa mutane kaya, amma yana ɗebo ruwa. Ban ce na yafe ba. Ban kuma ce ya tashi daga tabarmata ba.

Ɗaya bayan ɗaya 'yan layi suka hau suka shaida sun ji. Na ce to, a mayar da turke wurinsa. Sai Mai Sauraro ya aiko cewa saura kunne ɗaya. Ranar da abin ya faru akwai wani mai sayar da zuma, shi ma mai dogon kunne, da ya tsaya a layin yana gyara kayansa. Ya ji ta farko. Kafin a fara ta biyu ya bar gari. Na aika gidansu a tambayo ina ya tafi. Matarsa ta ce ya bi hanyar kogi neman sabuwar saƙar zuma, kada in damu, ya ce mata yanzu zai dawo.

Na sake shiga kwando. Wannan karon ban rufe fuska ba. Na ce wa Mai Sauraro, "Doka ta ce a daidai inda ya faɗa. Inda ya faɗa dutsen ƙofata ne. In na ɗauki dutsen na bi mutumin nan da shi, maigidan ya tsaya a kai ya faɗa, ta karɓu?" Ya ce bari su yi shawara. Na ce, "Ku yi ta a tsaye, ina nan zaune a kwando, kuma ba zan sauka ba." Aka tara dattawa suna ta kallon juna, ni ina reto a tagarsu ina tari. Kafin rana ta karkata suka ce ta karɓu.

Na ce to su ba ni jaki biyu, ɗaya ni, ɗaya dutse, tunda dokarsu ce ta tsufar da maganar. Sun bayar, ba su ko yi musu ba.

'Yata tana ta faɗa, wai hanya za ta kashe ni. Na ce mata in na zauna ma abin da zai faru ke nan, kuma a toka zan ƙare. In na mutu a hanya kafin mu sami mai zuman, to a rubuta a goshin dattawan nan cewa da su da itatuwansu suka jawo. Maigidan ya tono dutsen da safen nan, ya ɗaure shi, yanzu haka yana waje yana fama da jakin da ya ƙi tashi. Turken yana cikin ƙullin kayana. Na bar wa mai sabulu amanar lungun nan, ta riƙa share shi, kuma duk wanda ta gani yana auna shi da ido ta watsa masa ruwan wanki.