Haɗari Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Karo na tara ke nan Ikilima take danna maɓallin, allon kwamfutar kuwa bai fasa nuna mata 'yar da'irar nan mai juyawa ba. Ƙarfe ɗaya saura ne, ranar Alhamis. Da ƙarfe huɗu hukumar da ke sabunta musu lasisi za ta rufe karɓar rahoto, kuma kamfanin rarraba magunguna na Dutse, inda take jami'ar bin ƙa'ida, bai tura ko shafi ɗaya ba. Bayanan sanyin ɗakunan ajiyarsu na Taura da Buji duk suna cikin manhajar kamfanin, manhajar kuwa ta tsaya cak tun hantsi.

Dalyop, mai kula da na'urorin kamfanin, ya shigo yana share gumi.

"Hajiya, ba matsalar sabis ba ce. Wasu ne daga waje suke ta aiko wa manhajar wani gurɓataccen saƙo, ita kuma sai ta ƙarar da ƙarfinta wajen karanta shi. Sau huɗu ina tayar da ita, tana sake faɗuwa."

"Sun saci wani abu?"

"Ba sata suka zo ba. Ƙofa suka tare, mu masu gida muka kasa shiga." Ya waiga, ya rage murya. "Ɓarakar nan ce ta watan Janairu. Lamba goma sha bakwai."

Ba ta buƙatar tuni. A watan Janairu masu manhajar suka aiko da gargaɗi, tare da gyaran da zai sa a dakatar da aiki na rabin yini. Ita da kanta ta shigar da batun cikin rajistar haɗura da ke manhajar, a lamba goma sha bakwai, ta sa masa alamar ja. A makon ne kuma shugabannin kamfanin za su zo daga Kano. Manaja Alhaji Maharazu, aminin marigayi mahaifinta, wanda ya tsaya mata waliyyi ranar ɗaurin aurenta, bai kira ta ofis ba. A bakin mota ya tsayar da ita bayan la'asar.

"'Yata, ja a gaban baƙi? Ki rufe shi tukuna. In sun tafi, sai a gyara a tsanake."

Ta so ta ce ya rubuto mata umarnin. Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye. Neman sa hannu daga irin wannan mutum daidai yake da ce masa maganarsa ba ta isa ba. Washegari ta rufe lamba goma sha bakwai da hannunta. Baƙi suka tafi, azumi ya zo, salla ta wuce. Sau biyu tana tuna masa a ƙarshen gaisuwa, yana cewa in sha Allahu.

Yanzu da ta isa ofishinsa, a tsaye ta same shi, waya a kunne, yana rusuna wa shugaban kamfanin da ba ya ganinsa.

"Ranka ya daɗe, duk haɗarin da ke buɗe ai yana cikin rajista. Ni abin da rajista ta nuna mini, shi na sani."

Ya ajiye wayar, ya dube ta kamar yau ya fara jin labarin.

"Baba, a ba Dalyop izini ya sa gyaran," in ji ta.

"Wa ya hana shi? Ya sa mana! Yanzu-yanzu!"

Ta yi sallar azahar a bayan teburinta, ta daɗe a sujada. Sannan ta kira hukumar, ta roƙi a karɓi rahoton a takarda. Matar da ta ɗauka ta amsa cikin ladabi cewa sai wanda ya fito daga manhajar da hatiminta, kuma wanda bai shigo ba kafin huɗu, lasisinsa zai tsaya har sai an zauna a kansa. A harabar gida direbobi biyu suna zaune a inuwar motocinsu, ba su san gobe ba za su fita da kaya ba.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar da'irar ta daina juyawa. Gyaran ya ci wa Dalyop awa uku da 'yan mintoci.

Alhaji Maharazu ya zo ya tsaya a bayan kujerarta, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Shugaba yana son ganin shafin rajistar kafin magariba. Ta buɗe. Manhajar ba ta manta komai ba: lamba goma sha bakwai, an rufe, dalili, an magance, wadda ta rufe, Ikilima Muntaka. Har ranar da mintin.

Dalyop ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi manajan, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Kada ki damu, 'yata," Alhaji ya faɗa a hankali. "Kuskure ai na kowa ne. Zan roƙa miki shugaba, ko don darajar mahaifinki ba zan bari a kore ki a wulaƙance ba."

"Na gode, Baba."

Ta buga shafin rajistar, takardar ta fito daga na'ura da ɗuminta. Alhaji ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya zaro bironsa daga aljihun gaba, ya miƙa mata.

"Sa hannu a nan ƙasa. Kin san aikin ofis, komai sai da shaida a rubuce."