Kaza a Kwandon Babur

Ranar da Auta ya dawo daga kamfanin manyan motoci, tun daga bakin layi ake jin hon ɗin babur ɗinsa. Ya shigo gida baki har kunne. Matarsa na wanke kwanuka a gindin famfo, tsohonsa kuma na zaune a kujerar roba a ƙofar ɗaki, hannun hagu kwance bisa cinya kamar ba nasa ba.

"An ɗauke ni," in ji Auta. "Gobe zan je in sa hannu. Tirela sabuwa fil, ko ledar kujera ba a cire ba. Ga gado a bayan direba, ga sanyi na busowa. Kuma duk ƙarshen mako ina gida."

Auta ya haura arba'in, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma da yake shi ne na ƙarshe a ɗakinsu sunan ya bi shi. Ya daɗe yana jan ƙaramar bas a cikin gari, har mai ita ya sayar da abarsa ya bar shi zaune. Sai ya daure ya koyi babbar mota, ya karɓo lasin tuƙi. Abin da ke ɗaure masa ƙafa ɗaya ne, wannan tsohon da ke kan kujera. Tun da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, surukarsa ke ba shi abinci da magani, ita ke wanke masa kaya. Amma wanka da aski, ya ce atafau in ba ɗansa ba babu mai taɓa shi. An taɓa kawo maƙwabci, ya kore shi da sanda. Kullum yakan goge jikinsa da hannu ɗaya iya inda hannun ya kai, sauran kuwa sai Auta ya ɗauke shi cak ya kai shi banɗaki. Mako guda fatar bayansa takan jure. In ya wuce haka sai ta fara salewa ta zama gyambo, sun gani da idonsu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Auta.

"Wa ya ce maka duk mako?" matar ta tambaya, ba ta ɗago daga kwanukan ba.

"Mai ɗaukar direbobin da bakinsa. Mutumin kirki, har ruwan sanyi ya sa aka kawo mini."

"Kai ma da kana nemana ka ce za ka saya mini firji."

"Firji yana tafe."

"A tirelar zai zo ke nan."

Tsoho ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi. Maganarsa ta yi nauyi tun ciwon, amma ba ta rasa kaifi ba. Ya ce, "Auta, ka taɓa jin mai tallar mangwaro ya ce nasa da tsami?"

"Baba, kamfani ne fa babba. Ba su wasa da magana."

Bai tsaya jin sauran ba. Kafin rana ta faɗi, mai shayi ya ji labarin tirelar, mai faci ya ji, mai aski ya ji har da launinta, wanda shi kansa Auta bai gani ba tukuna.

Washegari ya sa rigarsa ta fita kunya ya hau babur. A ƙofar kamfani maigadi, wani dattijo mai ƙaton gashin baki, ya nuna masa wata rumfar kwano a bayan gareji, ya ce can direbobi ke ajiye nasu idan za su tafi. Auta ya ji daɗin kalmar, an sa shi cikin direbobi tun bai sa hannu ba.

Rumfar cike take da babura a jere. Kujerunsu sun yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin madubai, tayoyin wasu sun sace sun zauna a ƙasa. Auta ya ga duk wannan, bai kawo komai a ransa ba. Ya tura nasa kusa da wani mai kwando ɗaure a baya, ya dafa kwandon don ya gyara tsayuwa. Sai wata jar kaza ta taso daga ciki da fukafukai a buɗe, ta sakar masa sara a bayan hannu. Ya yi baya ya ci karo da ginshiƙi. Da ya leƙa daga nesa, sai ga 'yan tsaki cunkushe a kan wani tsohon tsumma, suna ta kuka.

Maigadi ya iso yana riƙe da ciki don dariya.

"Baba, kazar wa ce wannan?"

"Kaza tawa ce. Babur ɗin ne ba nawa ba. Jiya ta ƙyanƙyashe, yau nake shirin sauke su."

"Mai shi ya bar aiki ne?"

"Yana kan aikinsa daram. Da zai tafi ya ce mini, baba, ka sa mini ido a kansa, ƙarshen mako ina nan. Bayan tafiyarsa ta fara zuba ƙwai a ciki."

Auta ya tsaya yana murza hannunsa. A gidan masu kaji ya tashi, uwarsa ba ta taɓa rabuwa da akurki ba. Ya san kaza ba ta tara ƙwai ta kwanta ta ƙyanƙyashe a mako, ko a biyu, ko a uku. Ya sake duban baburan nan ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da wani ido.

Mai ɗaukar direbobi, wanda a gareji ake kira Zuma saboda bakinsa, ya tarbe shi da hannu biyu, ya turo masa takarda da biro.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya kafin nan. Duk makon da ka ce, yaya yake?"

"Zuwa kwana biyu, dawowa kwana biyu. Ai har da rara."

"To mai babur ɗin da kaza ta haihu masa fa?"

Zuma ya dube shi. Sai dariya ta ƙwace masa, ta gaske, ba irin ta jiya ba.

"Maigadin nan zai kashe mini kasuwa da kajinsa," in ji shi. "Ka ga, malam, in ka isa akwai layin sauke kaya. In ka sauke, mota ba ta dawowa fanko, sai ka jira lodi. Wani lokaci lodin ma ba nan zai nufo ba, sai ka kai shi wani wuri ka sake jira. Amma wannan ai jira ne. Ni a kan tafiya na yi maka magana."

"Jiran a gida ake yin sa?"

"A bakin sito."

Auta ya ajiye biron. Ya gaya masa zancen tsohonsa, da wankan, da gyambon, bai ƙara gishiri ba. Zuma ya daina juya kujera.

"Ai da ka faɗa tun jiya."

"Kai ma da ka faɗa tun jiya."

"Ni aikina ke nan, a cika motoci da direbobi." Ya sosa ƙeya, sannan ya tashi ya ɗage labulen taga. "Zo ka ga wata."

A can ƙarshen haraba wata tsohuwar mota take tsaye, fentinta ya koɗe, ƙofar direba ɗaure da waya, fitila ɗaya ta fi ɗaya girma.

"Kunkuru ke nan. Daga masana'anta zuwa sito take kai kaya, nan cikin gari. Albashinta bai kai na tirela ba, sanyi kuwa sai wanda ya shigo ta taga. Wanda ke jan ta ya gudu saboda tsiyar da direbobi ke yi masa. Amma da yamma kana gida. Wannan ba alkawarina ba ne, balle ka yi shakka. Motar ce ba za ta iya kai ka nesa ba ko kana so."

Auta ya tuna mai shayi da mai faci da mai aski, kunya ta kama shi. Duk da haka ya ce a ba shi makulli. Sai da ya lallashe ta kafin ta tashi, ta yi tari, ta cika haraba da hayaƙi, amma birkinta na kamawa kuma giya na shiga. Ya zaga da ita gareji ya dawo ya sa hannu.

Tsiya kam ya sha ta. Ba a yi kwana uku ba mai faci ya hango shi a cikin Kunkuru, keke na wuce shi a kan titi, labari ya karaɗe unguwa. Mai shayi ya koma tambayarsa ko sanyin cikin mota bai sa masa mura ba. Matarsa kuwa da ta ji yadda aka yi, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa, ta ce kaza ta fi ta iya magana, tunda ita ta faɗa ba a ji ba. Daga baya ta ƙara masa nama a kwano.

Wanda abin ya dama shi ne tsoho. Da can wanka na ƙarshen mako ne, yanzu duk yamma Auta ya dawo yana warin baƙin mai, sai ya ɗora ruwa, ya naɗe hannun riga.

"Yau ma?" in ji tsoho. "Auta, fatar nan ita kaɗai ta rage mini, za ka ƙarar da ita."

"Ɗaga hannun, Baba."

"Ni da na sa rai zan huta da kai. Aka ce ɗana zai zaga duniya."

"Na zaga sito sau ba adadi yau."

Ya sunkuya ya ɗauke shi cak. Tsohon ya saƙala hannunsa mai lafiya a wuyan ɗansa, yana ta mita har ƙofar banɗaki, yana cewa ruwan jiya ya yi zafi, kuma soson nan na wankin mota ne ba na mutum ba. Matar Auta ta miƙo tawul ta saman ƙofa, ta ce su yi sauri, abinci na hucewa.