Ɗan Likitan da Ya Tare a Kwamfutar Auta

Tun da Baba ya ajiye tuƙin bas, ya mayar da shagon hoton autarsa wurin zama. Da hantsi zai iso da 'yar rediyonsa, ya ja kujerar gaban kwamfuta, wai shi ne mai gadi idan Auta ta shiga ciki ɗaukar hoto. Ba ta hana shi ba, don gara nan da ya zauna gida yana yi wa Mama gyara a girkinta.

Ana nan sai kwamfutar ta fara taurin kai. Hoto ya maƙale bai gama buɗewa ba, firinta ta tsaya a tsakiyar aiki. Ga kuma wani ɗan likita na zane, da farar riga da tabarau, da ke leƙowa daga gefen allo yana ɗaga hannu: “Kwamfutarka ba lafiya! Danna nan.” Ta rufe shi, ya dawo. Ta sake rufewa, ya sake dawowa yana murmushi.

Ranar da wata malamar makaranta ta zo karɓar hoton fasfo, firinta ta miƙo mata goshi da idanu kawai, babu hanci babu baki. Kunya ta kama Auta. Ta ba ta haƙuri, ta ce ta ɗan zauna, yau sai ta ga bayan wannan likita.

“Wa, ɗan likita?” in ji Baba. “Ai yaron kirki ne. Kullum sai ya gaishe ni.”

Auta ta juyo a hankali. “Baba, ba dai danna masa kuke yi ba?”

“To mutum ya ɗaga miki hannu ki share shi? Haka na rene ki?”

Malamar ta rufe baki da jakarta. Auta ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta shiga wurin da ake cire manhajoji, sai ta tarar ashe likita ba shi kaɗai ba ne. Duk gaisuwar da Baba ya amsa, sai ya shigo da wani ɗan'uwansa: mai share datti, mai ƙara gudu, har da mai faɗin ko za a yi ruwa gobe.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana fitarwa. Da ta zo kan likita, sai ya ɓata fuska, hawaye shuɗi na ɗiga: “Da gaske za ka rabu da ni?”

“Kin gani? Kuka yake,” in ji Baba. “Auta, ki bar shi ko a lungu ne. Ba ya cin komai.”

“Shi ya cinye wa Malama hanci, Baba.”

Maɓallin barinsa ƙato ne kore shar, na korarsa kuwa ɗan mitsitsi, sai da ta matso da fuska ta gano shi. Ta danna. Baba ya ɗaga wa allon hannu, ya ce a sauka lafiya. Ta kashe kwamfutar ta kunna.

Sai ga likita ya leƙo, fes da shi, kamar ba shi ya yi kuka yanzu ba.

Nan fa ran Baba ya ɓaci. “A'a! An sallame ka, na yi maka addu'a, ashe ta taga ka dawo? Na san irinsu. Fasinjan da ya ƙi sauka, ƙarƙashin kujera ake duba shi.”

Auta ta duba cikin manhajar shiga intanet, ga shi kuwa ya lafe da wani suna daban. Baba ya ce ta matsa. Ya kama linzamin kwamfutar da hannu biyu kamar sitiyari, ta nuna masa wurin, ya danna da ƙarfin da sai da tebur ya motsa. Ta sa manhajar tsaro ta zagaya ko'ina, suka sake kunnawa. Shiru. Baba ya jira, ya ƙara jira, ba wanda ya leƙo.

Sai ta ga ya naɗe hannu ya zuba wa allon ido, ba sauran mai gaishe shi. Tausayinsa ya kama ta.

“Baba, ku zo ku ɗauki Malama sabon hoto, ni zan riƙe fitila.”

Ya miƙe da sauri, ya gyara riga, ya leƙa kyamara, ya ce, “Malama, ɗan saki fuska.” Ya danna. Hoto ya fito tas, labule da silin, sai ɗan saman kan Malama a ƙasa. Malamar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a buga mata shi ma, za ta nuna wa mijinta.