Karen Direba Ya Yi Shiru

Duk layin an san Mai Agogo da abu biyu: ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, da ƙorafi a kan karen maƙwabcinsa. Na farkon ya kusa zama tarihi, don yanzu wa ke kai agogo gyara? Kowa wayarsa yake dubawa. Na biyun kuwa kullum sabo fil yake.

Tun da ya rufe shago ya kwaso kayan aikinsa ya dawo da su falo. Tebur a gindin taga, hantsaki, gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi, da agogunan da masu su suka manta da su tun tuni. Shi da kunne yake aiki. Sai ya kara agogo a kunnensa, ya lumshe ido, ya saurari inda bugun ke ɗingishi. Marigayiya matarsa takan ce ko numfashi mutum ya yi da ƙarfi a gidan nan sai an harare shi. Yanzu babu mai numfashin sai shi kaɗai.

Sai kuma karen. Maƙwabcin direban bas ne, da sassafe yake fita, ya bar dabbar a tsakar gida. Da ƙofa ta rufe sai a fara. Mai keke ya wuce, haushi. Leda ta tashi sama, haushi. Babu abin da ya wuce, nan ma haushi, wataƙila don kada a manta da shi. Mai Agogo ya raɗa masa suna Mai Shela.

Kowace yamma, da ya ji Direba ya dawo, sai ya zura takalmi ya fita yana huci.

"Yau ma haka muka wuni! Kai kana can kana shan iska, ni ina nan kaina kamar zai tsage."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Direba, yana jawo benci. "Zauna tukuna. Wace iska? Da ka ga fasinjojin yau, da ka gode wa Allah da kare kawai ya haɗa ka."

Daga nan sai shayi ya fito. Faɗan kare ba ya wuce kurɓa ta uku. Sauran duk labarin hanya ne, da matar da ta shiga bas da buhun da ya fi ta girma, da ciwon gwiwar Mai Agogo. Karen da ake ƙara yana kwance a ƙarƙashin bencin, haɓarsa a kan takalmin mai ƙarar. In tsohon ya tashi tafiya yakan ce, "Gobe in ya sake, ba za ka ji da daɗi ba." Direba ya ce, "To, Baba. Sai goben."

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, tana aure a nesa. Takan kira shi a waya, kuma da gaisuwa ta ƙare sai su koma kan kare. Ya ɗaga wayar wajen taga ya ce, "Kina ji? Kina jin abin da ubanki ke sha?" Ta yi ta dariya har da tari. Amma abin ya tsaya mata a rai, don yarinya ce mai tausayi, kuma ta ɗauka da gaske yake. Laifinsa ne, shi ma ya ɗauka da gaske yake.

Wata rana mijinta ya biyo ta garin da ɗan kwali a hannu.

"Baba, saƙo ne daga 'yarka. Maganin karen nan."

Wata 'yar na'ura ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Surukin ya hau kujera ya ɗaure ta a kan katanga, fuskarta na kallon gidan Direba. Ya yi bayani: da kare ya yi haushi, za ta saki wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya kamawa, amma shi kare ba ya iya jurewa. Mai Agogo bai yarda ba. Shi da ya yi rayuwarsa yana cin abinci da kunne, a ce akwai ƙarar da ba zai ji ba? Suna tsaye sai ga mai keke. Karen ya buɗe baki sau ɗaya, 'yar fitilar na'urar ta yi ja, sai suka ji wani ɗan kuka da gudun ƙafafu zuwa bayan gida.

"Ka gani?" in ji surukin, yana karkaɗe hannu.

Kafin mako ya zagayo layin ya yi tsit. Mai Agogo ya zauna a teburinsa cikin shirun da ya daɗe yana roƙo. Ya gyara agogon farko, ya gyara na biyu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gama da duka, ya jera su suna bugawa tare. Babu wanda zai zo karɓa. Ya san da haka tun da, amma da can yana da wanda zai ɗora wa laifin rashin gama aiki.

Da yamma ya ji ƙofar Direba ta buɗe. Ya zura takalmi, har ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya je ya ce me? Shi bai taɓa shiga gidan mutum haka kawai ba. Matarsa ce mai shiga mutane, shi bin bayanta yake yi. Ya cire takalmin ya koma ya zauna. Washegari Direba ya hango shi ta taga, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, an samu lafiya ko? Ban san me ya sami karen nan ba, ya shiryu!" Ya shige gida abinsa. Mutumin kirki ne, a ganinsa tsoho ya huta, bai kamata a dame shi ba.

Auta ta kira. "Baba, ya karen?"

"Ya yi shiru."

"Madalla! Ka ci abinci?"

"Na ci."

Ta ce yara na kiranta. Ya riƙe wayar a kunne bayan ta katse, kamar yadda yake riƙe agogon da ya tsaya. Kaɗaici ya taɓa sani lokacin da matarsa ta rasu, amma wancan da mutane ya zo. Wannan shi kaɗai ya same shi, kuma ya fi ciwo.

Da safe ya hau kujera, gwiwa na ƙara, ya kwance na'urar ya zare batirin. Ya jira. Mai keke ya wuce, shiru. Ya leƙa ta kan katanga. Karen na kwance can ƙuryar gida bayan tsohuwar taya. Ya tafa hannu, ya yi fito, har ya ɗan ƙwanƙwasa katangar da hantsaki. Karen ya ɗago ya dube shi, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa kai cikin ƙafafunsa. Ya riga ya koyi darasin.

Da yamma Mai Agogo ya je ya buga ƙofar.

"Lafiya, Baba?" in ji Direba. "Ya yi haushi ne?"

"Ya yi. Wuni ya yi yana yi."

Ya jira a jawo benci. Direba bai jawo ba. Ya juya ya kalli karen, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"To shi ke nan. Dama na yi wa kaina alkawari, in ya koma, zan kai shi wurin yayana can gona. Ba zan ci gaba da cutar da kai ba, Baba. Gobe kafin in fita aiki zan kai shi."

Mai Agogo ya dubi bencin da ke jingine da bango, ya dubi takalminsa.

"Bai yi ba," ya ce. "Ko sau ɗaya bai yi ba."

"To me ya faru?"

"Babu komai. Na zo ne kawai."

Direba ya je ya ɗauko bencin, ya goge ƙurar da ta taru a kai da hannun rigarsa, ya shiga ɗora ruwan shayi. Mai Agogo ya zauna. Ya miƙa ƙafarsa ƙarƙashin bencin, inda aka saba ɗora masa haɓa. Karen yana can bayan taya yana kallonsa, bai taso ba.